Raddi Ga Masu Cewa A Yaga Takardar Haraji

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, wata magana ta yaɗu a kasuwanninmu da majalisunmu wadda ba za mu iya yin shiru a kanta ba. Idan hukumar tara haraji ta aiko wa ɗan kasuwa takarda, sai a sami wanda zai ce masa: ai ka ba da zakka, yaga ta ka zubar, haraji zalunci ne. Mai faɗin wannan yana ganin nasiha ya yi. Mu kuwa muna cewa ya haƙa wa ɗan'uwansa rami ne, ya rufe da tabarma.

Ba mu jahilci inda wannan ƙyama ta samo asali ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan Haɓe a littafinsa Kitabul Farƙi, kuma kakanninmu sun sha azabar harajin kai a zamanin Turawa da bayansa, har gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979. Haka nan mun san malamai sun yi saɓani: akwai masu riƙo da hadisan da suka zargi mai karɓar maks, akwai kuma irin su Gazali da Shaɗibi da suka halatta wa shugaba ya ɗora wa mawadata wani abu idan baitulmali ya ƙare, bisa sharuɗɗa. Wannan mas'ala ce ta ilimi, kuma tana da zaurenta. Amma ko da mun sallama cewa abin da aka yanka wa mutum zalunci ne tsantsa, to, wane malami ne ya ce maganin zalunci shi ne ka miƙa wuya a ninka maka shi? Zakka kuwa Allah ya riga ya ambaci masu cin ta su takwas a aya ta 60 cikin Suratut Tauba. Haraji ba ya sauke ta, ita ma ba ta hana a rufe wa mutum shago.

Ga abin da masu wannan fatawa ba sa faɗa, wataƙila don ba su sani ba. Doka ta wajabta wa mai samun kuɗi ya bayyana abin da ya samu a shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris. Wanda bai bayyana ba, hukuma tana da ikon ta yi masa ƙiyasi da kanta, ta dubi shagonsa da motarsa da kuɗin da ke shiga asusunsa, ta yanka masa abin da ta ga dama. Wannan ƙiyasi shi ne takardar da ake kawowa. Daga ranar da aka miƙa ta, mutum yana da kwana 30 ya rubuta ƙin amincewarsa. Idan kwanakin suka cika bai ce uffan ba, ƙiyasin ya zama hukuncin ƙarshe, ya zama bashi a wuyansa, kuma hukuma na iya bin hanyar kama dukiyarsa ko ta nemi bankinsa ya biya daga asusunsa. Ashe wanda ya yaga takarda bai ƙi biya ba. Ya sa hannu ne a kan duk abin da aka rubuta, ba tare da ya karanta ba.

Bari mu buga misali da lissafi, don magana ta fita daga iska. A ƙarƙashin dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18. To, ɗan kasuwar da ribarsa ta gaskiya miliyan 3 ce, abin da ke kansa naira 330,000 ne. Idan aka ƙiyasta masa miliyan 6 ya yi shiru, zai biya 870,000. Bambancin naira 540,000 ne, kuma shirunsa ne ya jawo masa. Mu lura kuma, a kan riba ake yanka haraji, ba a kan ciniki ba. Da yawa daga cikin ƙiyasin da ake kuka da shi ya taso ne daga ɗaukar duk kuɗin da ya ratsa asusu a matsayin samu, alhali a ciki akwai uwar kuɗi, akwai amanar wani, akwai bashin da aka maido. Wa zai rarrabe wannan in ba mai dukiyar ba?

Wani abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, jinkirin biya yana jawo tara ta kashi 10 cikin ɗari, sa'an nan kuɗin ruwa ya hau kai. Mutumin da yake gudun riba kamar yadda ake gudun kuturta, wanda ya ƙi rancen banki shekara da shekaru, sai ga shi da sakacinsa ya kai kansa inda za a karɓi kuɗin ruwa daga hannunsa dole. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Sai kashi na biyu, waɗanda suka fi na farko sharri: masu cewa "a sasanta". Su ne dillalan da ke zuwa bayan takarda ta iso, su ce a kawo wani abu a ba jami'i, fayil ya kwanta. Mun ga wani ɗan'uwa da ya bi wannan hanya, ya ba da kuɗi a hannu babu rasit. Da aka canja wa jami'in wurin aiki, sai sabuwar takarda ta zo da tsohon bashin cif, har da tara. Wajen wa zai kai ƙara? Harajin da malamai suka yi saɓani a kansa ya gudu, ya faɗa cikin cin hanci, wanda babu saɓani cewa an la'anci mai bayarwa da mai karɓa.

Abin da ya wajaba ba shi da wuya. Ranar da takarda ta zo, a rubuta kwanan wata a jikinta, domin daga nan lissafi ya fara. A duba sunan wa ke kai, shekarar da ake magana a kanta, da hukumar da ta aiko, domin harajin samun ɗaiɗaikun mutane galibi na hukumar jihar da mutum yake zaune ne, na kamfanoni kuwa na hukumar tarayya. Wanda ba ya karanta Turanci ya nemi amintacce ya karanta masa a ranar, kada ya bari sai bayan Salla. Idan adadin daidai ne, a biya ta banki cikin asusun gwamnati a riƙe rasit. Idan ba daidai ba ne, a rubuta takarda a faɗi abin da ba a yarda da shi ba, da dalili, da adadin da aka yarda da shi, a haɗa da bayanan banki da rasitan sayen kaya da na haya, a kai ofis, a sa su buga hatimi a kan kwafin da za a dawo da shi gida. Kukan baki a gaban tebur ba ya shiga fayil. Idan hukuma ta ƙi gyarawa, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, kuma ita ma kwana 30 ne wa'adinta.

Duk wannan ya rataya ne a kan rubutu, kuma a nan ne abin kunyarmu yake. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Amma za ka ga mai juya miliyoyi a Kantin Kwari ko Singa, lissafinsa duka a kansa yake, kuɗin shago da na cefane suna asusu ɗaya. Littafin da zai kāre shi gaban jami'in haraji shi ne dai littafin da zai nuna masa ko dukiyarsa ta kai nisabi, kuma shi ne magada za su nema ranar da ba ya nan. Don haka muna kira ga shugabannin rassa su nemo masu ilimin akanta daga cikin 'yan'uwa, a ware musu zama ɗaya a wata bayan sallar La'asar, duk wanda takarda ta zo masa ya kawo ta tun kwanakinta ba su cika ba.