Jinjina ga iyaye matan da suka ƙi kwance goyo

Akwai wasu mata a garuruwanmu da ba a gayyatarsu taron karramawa, ba a kuma buga hotonsu a jarida, alhali aikin da suke yi a tsakar gida ya fi ƙarfin lambar yabo. Su ne iyayen yaran da aka haifa da larurar Down, wadda jama'a kan cusa ta cikin abin da suke kira galahanga. Daga Kano zuwa Sakkwato, daga Zariya zuwa Maraɗi, suna nan birni da ƙauye, ko da ba a cika ganinsu ba. Su na tashi yi wa jinjina a yau, tare da duk wanda ya kama musu, domin yaba kyauta tukwici ne, kuma sun daɗe suna bin mu wannan bashi.

Tun daga ɗakin jego aikinsu yake farawa. Jaririn yakan zo jikinsa a sake, wuya ba ƙwari, baki ba ya kama nono da kyau. Ya ɗan tsotsa sai ya gaji, barci ya kwashe shi. Sauran masu jego kukan jariri ne ke tashinsu cikin dare, ita kuwa ita ce ke tashin nata, domin in ta biye masa sai ya kwana da yunwa bai yi kuka ba. Za ka same ta da tsakar dare zaune a bakin gado, ta tallabe masa ƙeya da tafin hannu, tana shafa masa kumatu da ɗan yatsa don ya buɗe baki. In ya ƙi, ta tatsa a kofi ta riƙa ɗiga masa da cokali. Abin da wani jaririn zai sha cikin ɗan lokaci, nata sai ya ɗauki kusan awa, da an gama kuma lokacin wani ya gabato. In za ta goya shi sai ta ƙara majanyi ta tokare masa kai. Haka za ta yi arba'in, haka za ta yi wata shida, ga girki, ga wanki, ga sauran yara.

Duk da haka gajiyar jiki ita ce mai sauƙin. Mai nauyin ita ce bakin mutane. 'Yan barka su leƙa fuskar jariri, su kalli juna, su yi shiru. Kafin ranar suna magana ta zaga dangi: wai ta fita da almuru tana da ciki, wai ta tsallaka abin da bai kamata ba, wai a danginsu abin yake. Mafi muni shi ne a ce ai wannan ba mutum ba ne, ɗan ruwa ne, aljanu ne suka yi musanya, a kai shi bakin kogi ya koma inda ya fito. Har yanzu ana faɗin wannan magana, kuma akwai yaran da ta yi ajalinsu. Matar da aka sa a tsakiya da irin wannan, uwar miji ta nan, maƙwabta ta can, amma ta rungume ɗanta ta ce, "Nawa ne, Allah ne ya ba ni, ba inda za a kai shi," ta yi jarumtar da maza da yawa ba za su iya ba.

Kuma ita ce mai gaskiya. Tun 1866 wani likitan Ingila, John Langdon Down, ya bayyana kamannin waɗannan yara, shi ya sa larurar ta ɗauki sunansa. A 1959 masu bincike a Faransa, Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin, suka gano musabbabinta. Ƙwayar halittar jikin ɗan Adam tana ɗauke da ƙunshin gado 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Akasarin masu larurar Down suna da 47, domin ƙunshi na 21 ya zo musu uku maimakon biyu. Kamar ƙarin zare ɗaya ne a saƙa: fasalin ya ɗan sauya, amma masaƙin ɗaya ne. Abin yana faruwa tun shigar ciki, kafin mace ta ma san tana da shi, saboda haka ba abincin da ta ci ba ne, ba hanyar da ta bi ba ce, ba kuma wani zunubi da ta aikata ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ana samun jariri ɗaya mai wannan larura cikin kowace haihuwa 1,000 zuwa 1,100 a duniya, wani bincike kuma da aka buga a 1982 daga Ibadan ya sami ɗaya cikin 865. Ana haihuwarsu a gidan sarauta, ana haihuwarsu a gidan manomi, a Sin da Saudiyya da Amurka. Yawancin matan da nake magana a kansu ba su taɓa jin sunan kuromosom ba. Zuciyar uwa ce ta kai su inda ilimi ya kai likitoci.

Sai kuma haƙurin jira. Sa'o'in yaron sun zauna, shi bai zauna ba. Sun yi rarrafe, sun miƙe, sun fara gudu a zaure, shi yana kan tabarma. Yawancin irin waɗannan yara sai wajen shekara biyu suke takawa, wasu ma su haura haka, magana kuma takan fi tafiya jinkiri. Uwar tana nan, ta jera matasan kai ta jingina shi, ta ajiye kwano mai ƙyalli ɗan nesa da shi don ya miƙa hannu, ta riƙe masa ƙugu yana dafe da turmi har ƙafafun su koyi ɗaukar jiki. Kalma ɗaya za ta maimaita masa safe da yamma, tana nuna masa ruwa tana cewa ruwa, har ranar da zai buɗe baki ya ce "uwa", ita kaɗai ta san ruwan yake nufi. Wanda bai zauna a irin wannan gida ba, ba zai gane dalilin da ya sa ake guɗa don yaro ɗan shekara uku ya kai loma bakinsa da hannunsa ba.

Ba su kaɗai suka cancanci jinjinar ba. Akwai kakanni da suka ce a kawo musu yaron su riƙe, uwar ta huta. Akwai yayye mata da suka raba ƙuruciyarsu biyu, rabi makaranta rabi goyo, suka kuma yi faɗa da yaran unguwa a kan wanda ya kira ƙanensu dolo. Akwai iyaye maza, Allah ya yi musu albarka, da suka toshe kunne daga zugar "saki ta ka huta", suka riƙe hannun ɗansu zuwa masallacin Juma'a a gaban kowa. Akwai likitocin yara da masu gashin ƙashi a Asibitin Malam Aminu Kano, da na Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, waɗanda duk da layin da ke jiransu sukan tsaya su koya wa uwa motsa jikin da za ta riƙa yi wa ɗanta a gida. Ba zan manta da Rose Mordi ba, uwa ce ita ma, wadda bayan ta raini 'yarta mai wannan larura ta kafa gidauniyar masu larurar Down ta Najeriya a Legas a 2001, ta mayar da damuwar gidanta ƙofar taimakon gidaje da yawa.

To, amma yabo ba ya toshe ramin zuciya, kuma nan ne aikin da ya rage ya fara.

Kusan rabin jariran da ke zuwa da larurar Down suna da matsalar zuciya tun daga ciki, galibi rami a bangon da ya raba ɗakunanta. Uwa za ta ga yaro yana haki in yana shan nono, yana gumi, ba ya ƙiba, a ce mata limoniya ce ko haƙori. Hoton zuciya guda ɗaya a makonnin farko zai nuna gaskiya, kuma wasu daga cikin ramukan ana so a yi musu tiyata tun cikin watannin farko, kafin su lalata jijiyoyin huhu har aikin ya gagara. Haka nan halittar nan ta gaban wuya da likitoci ke kira tayirod takan yi rauni a jikinsu, ta ƙara wa yaro kasala da jinkirin fahimta, alhali gwajin jini ne ke gano ta, ƙwayar magani ɗaya a rana ke gyara ta. Fiye da rabinsu suna samun matsalar ji ko ta gani. Yaro nawa aka yanke wa hukuncin ba ya ganewa, alhali ji ne ba ya yi sosai? A Amurka, a 1983, matsakaicin tsawon ran mai wannan larura shekara 25 ne, yanzu ya kai wajen 60. Kuromosom ɗin bai sauya ba, kulawar ce ta sauya. Wajibi ne ma'aikatun lafiya na jihohinmu su sa waɗannan gwaje-gwaje a katin duk jaririn da aka ga alamar larurar a jikinsa, su kuma horar da ungozomomi da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi su gane alamun: jiki a sake, idanu masu ɗan karkata sama, harshe mai yawan leƙowa, wani lokaci layi ɗaya da ya ratsa tafin hannu.

Ga ma'aikatan lafiya ina da wani roƙo na daban. Kalmar farko da uwa ta ji daga bakinku takan zauna mata har tsufa. Ku fara da barka, domin haihuwa aka yi. Ku kira mijin ya zauna ya ji da kunnensa cewa ba laifin matarsa ba ne. Kada kuma a sallame ta da "sai haƙuri" kawai, a faɗa mata ranar da za ta dawo da ƙofar da za ta shiga.

Gwamnati kuwa ba sabuwar doka ake nema a wurinta ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta tanadar musu ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su karɓe su tare da sauran yara. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ita ma ta tanadi asusun marasa galihu, har da ƙananan yara da masu larurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa. Duk an rubuta. Amma uwar da ta sayar da akuyarta don kuɗin hoton zuciya, ko wadda aka ce mata tiyatar miliyoyi ce har ta koma neman taimako a gidan rediyo, rubutun bai iso ƙofarta ba. Makarantun musamman ɗinmu kaɗan ne, yawanci kuma na kurame da makafi ne. Yaro mai larurar Down malami yake buƙata wanda aka koya wa tafiya da shi a hankali, a aji ɗaya da sa'o'insa, domin da kallo da kwaikwayo ya fi koyo. Jami'ar Bayero da ta Jos suna yaye masu ilimin koyar da irin waɗannan yara. A ɗauke su aiki, a kai su firamaren unguwa.

Malamanmu suna da mumbarin da ba wanda yake da irinsa. Huɗuba ɗaya da za ta fito fili ta ce ajiye yaro a bakin kogi kisan kai ne, kiransa da sunan banza kuma zunubi ne, za ta isa inda takardar gwamnati ba ta isa ba. Masu Islamiyya su buɗe wa waɗannan yara ƙofa. Da yawansu suna iya haddace Fatiha da gajerun surori, suna kuma son sahu da jam'i ƙwarai. Ranar 21 ga Maris, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe musu tun 2012, dama ce ga gidajen rediyonmu su ba iyayen nan makirufo su yi magana da bakinsu.

Ku ma iyaye, da girmamawa nake cewa akwai sauran naku. Tausayi yakan sa a yi wa yaro komai, har ya girma bai iya sa riga ba. Ku bar shi ya gwada, ya ɓata, ya sake. Ku aike shi, ku ba shi tsintsiya, ku tsawata masa in ya yi ba daidai ba kamar yadda ake yi wa 'yan'uwansa. A Sifen, Pablo Pineda ya gama jami'a har ya ci kyautar gwarzon ɗan wasan fim a bikin San Sebastián a 2009. Ba kowane yaro ne zai kai can ba, ba kuma sai ya kai ba ne zai zama mutum, amma wanda aka kulle a ɗaki don kunyar baƙi ba za a taɓa sanin iyakarsa ba. Ku koya musu, musamman mata, wuraren jikinsu da ba a taɓawa, domin saurin yardarsu da kowa yakan jawo hankalin marasa tsoron Allah. Ku kuma nemi juna. Uwar da ta yi shekara goma a wannan hanya tana da abin da za ta faɗa wa mai jegon jiya wanda babu likitan da ya san shi, kuma ƙungiyar iyaye a Kano ko Kaduna ko Damagaram za ta fi muryar mace ɗaya kaiwa ofishin kwamishina.

Magana ta ƙarshe ta iyaye maza ce. Yiwuwar haihuwar yaro mai wannan larura tana ƙaruwa da shekarun uwa, daga kusan ɗaya cikin 350 a shekara 35 zuwa kusan ɗaya cikin 100 a shekara 40. A ƙasar da mata ke haihuwa har ƙarshen lokacinsu, sau da yawa shi ne autan gida, iyayensa kuma sun fara manyanta tun yana goye. Tambayar da ke hana uwarsa barci ita ce wa zai riƙe shi in ba ta. Maigida, kai ne za ka amsa mata. Tun kana da ƙarfi ka tara 'ya'yanka manya, a tsayar da wanda zai zama waliyyinsa, a sa shaidu, a rubuta. A koya masa sana'ar da hannunsa zai iya, ko kiwon kaji ne ko tsaron shago tare da yayansa. Rabonsa na gado cikakke ne kamar na kowane ɗa, a damƙa shi hannun amintacce da zai juya masa, kada ya narke a aljihun 'yan'uwa da sunan ai shi bai san kuɗi ba.