Zauren Iyali: Kama da Wane Ba Wane Ba Ce

Zancenmu na wannan wata daga cikin gidanmu ya fito, nan Kademi ta ƙasar Gaya.

Bayan girbin bara aka kawo mana 'yar ƙanenmu daga Maraɗi domin ta ci gaba da makaranta a wurinmu. Shekara shida ta yi tana karatu da Faransanci, kullum tana cikin na gaba. Amma da ta zo nan sai ta koma baya. Ran nan malami ya rubuta a allo, kowa ya yi "attend" ajin lissafi da yamma. Ita kuwa ta je ta zauna a gindin darbejiya tana jira har aka tashi, gama a Faransanci "attendre" jira ne, a Turanci kuwa "attend" halarta ne. Ta dawo da kuka, ta ce, "Baba, ku mai da ni gida." Mu ma har mun fara cewa yarinyar ba ta da kai. Ashe ba laifinta ba ne.

Ga asalin abin. A shekarar 1066 Wiliyam mai mulkin Normandi, a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya daɗe yana harshen fada da na shari'a, kalmominsa dubbai suka shiga Turanci. Waɗansu sun riƙe ma'anarsu, waɗansu sun sāke hanya, waɗansu kuma kamar ce kawai, ba dangantaka. To, ga kaɗan daga cikin masu ruɗin yara.

"Pain" a Faransanci burodi ne, a Turanci ciwo. Wannan ba abin wasa ba ne ranar da likita ya yi tambaya.

"Blessé" wanda ya ji rauni ne, "blessed" kuwa mai albarka. Ku tuna da wannan in yaron ya shiga sujada ta Turanci.

"Librairie" kantin sayar da littattafai ne, "library" kuwa ɗakin da ake karatu a ari littafi.

"Demander" roƙo ne cikin ladabi, amma "demand" nema ne da ƙarfi. Yaro ya ce wa malami "I demand", sai a ce ba shi da kunya.

"Passer un examen" zaman jarrabawa ne kawai, ko a ci ko a fāɗi. "Pass" kuwa sai an ci.

Kada mu yi mamaki, ko Hausar ma haka take. A Maraɗi "mushe" malamin makaranta ne, "likita" kuwa asibiti. Wa zai kira malami mushe a kasuwar Gaya ya kwana lafiya?

Me za mu yi? Da fari, a daina yi wa yaro dariya, gama wanda aka kunyata ba ya ƙara tambaya. Na biyu, a saya masa ɗan littafin rubutu, a raba shafi uku: Faransanci, Turanci, Hausa. Hausar ita ce alƙali a tsakaninsu. Na uku, kada ya haddace kalma ita kaɗai, sai a cikin jimla. Na huɗu, duk kalmar da ya ga kamar ya santa, ita ce ma zai duba a ƙamus.

Kada kuma a bar shi ya zubar da Faransancinsa. A shekarar 2025 hukumar Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta bar Turanci da Faransanci su zama harsunan aiki. Yaron da ya riƙe ukun nan yana da guzuri babba.

'Yarmu tana nan, littafinta ya kusa cika. Makon jiya ta shigo da gudu ta ce, "Baba, na yi pass!" Muka ce, irin na Maraɗi ko irin na Kademi? Ta yi dariya, ta miƙo mana takardar.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.