Borin jini ga yara: tsoron da aka aro daga waje da sakacin da ke cikin gida

Duk gidan da ke da ɗa ko ɗiya a ƙasar waje ya san irin saƙon muryar da kan shigo WhatsApp da zarar jariri ya kusa fara cin abinci. Gwaggo ce daga Faransa, ko kawu daga Amurka, suna gargaɗi da zuciya ɗaya: kada a ba yaron nan gujiya, kada a ba shi ƙwai, a dakata da kifi sai ya yi wayo, don a can sun ga yaran da loma guda ta kai asibiti. Uwa a Maraɗi ko Damagaram ta ji, hankalinta ya tashi, ta cire tunkuza daga kunun ɗanta, ya koma shan ruwan gero zalla. Bayan ƴan watanni gwaggon nan ta zo hutu da nata ɗan, wanda likita ya tabbatar jikinsa ba ya karɓar gujiya. Kaka ta dube shi ta ce wannan iyayin Turawa ne, ta faki idon uwar ta miƙa masa kilishi.

Gida ɗaya ke nan da kuskure biyu, kuma kowanensu na iya cin rai. Na farko a hankali yake kisa, ta hanyar tamowa. Na biyu cikin mintuna yake yin aikinsa.

Borin jini na abinci, wanda ma'aikatan lafiya ke kira alerji, ba tatsuniya ba ne, ba kuma ciwon Turawa ba ne. Garkuwar jiki ce ke yin kuskure, ta ɗauki wani sinadarin gina jiki da ke cikin abinci a matsayin abokin gaba, ta tashi yaƙi da shi. Abincin da aka fi sani da tayar da shi su ne madarar shanu, ƙwai, gujiya (gyaɗa, inji mutanen Kano), kifi, jatan lande, alkama, waken soya, riɗi da ƴaƴan itace irin su yazawa. Mai karatu ya lura, rabin wannan jeri yana cikin tukunyarmu kullum: awara da yamma, kantun riɗi a bakin lakwal, ƙuli-ƙuli a yajin tsire. Har fara, wadda ake soyawa buhu-buhu a kasuwanninmu, tana iya tayar wa wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande, domin sinadarinsu ya yi kama. Alamun kan fito daga ƴan mintuna zuwa awa biyu bayan cin abincin: fata ta yi rudu-rudu da ƙaiƙayi, leɓe ko fatar ido su kumbura, amai ya zo kwatsam. A cikin gidajenmu da yawa, in aka ga haka sai a ce iska ce, ko kambun baka, ko wani ya yi wa yaro hannu. Sai a tafi neman hayaƙi da rubutu, gobe kuma a sake ba shi abincin da ya jawo abin.

Amma sanin cewa ciwon gaskiya ne bai zama hujjar hana kowane jariri abinci mai gina jiki ba. A nan ne ƴan uwanmu na waje ke isar mana da tsohon labari. Gaskiya ne a shekarar 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a jinkirta ba yaran da ake wa fargaba gujiya har sai sun kai shekara uku. Shawarar ba ta rage ciwon ba, aka janye ta a 2008. A wannan shekarar ce wasu masu bincike suka wallafa abin da suka gano: yaran Yahudawa da ke Ingila sun fi takwarorinsu na Isra'ila kamuwa da borin jinin gujiya kusan ninki goma, alhali asalinsu ɗaya. Bambancin shi ne a Isra'ila tun suna jarirai ake ba su wani abin taunawa mai suna Bamba, wanda ake yi da gujiya. Farfesa Gideon Lack na King's College a Landan da abokan aikinsa suka ɗauki jarirai 640 masu hatsarin kamuwa, suka raba su biyu, rabi ana ba su gujiya a kai a kai, rabi an hana su. Sakamakon ya fito a 2015: da suka kai shekara biyar, kusan kashi 17 cikin ɗari na waɗanda aka hana sun kamu, a cikin waɗanda aka ba kuwa kashi 3 ne kawai. A 2017 hukumomin lafiyar Amurka suka juya shawararsu baki ɗaya, suka ce a fara ba jarirai gujiya da wuri.

Wato abin da kakanninmu ke yi da kunun gujiya, shi ne likitocin can suka dawo suna koyarwa bayan sun sha wuya. Abin takaici ne a ce mu kuma yanzu ne za mu ɗauki abin da suka yar.

Mu a Nijar muna da wata shaida da ba sai an je Landan ba. A yunwar 2005, ƙungiyar likitocin MSF ta yi wa yara fiye da dubu sittin maganin tamowa mai tsanani a ƙasar nan, mafi yawa a jihar Maraɗi, kuma abin da ya sa aka iya kai wa wannan adadi shi ne ɗan ƙunshin nan na Plumpy'Nut, mai nauyin giram 92 da ƙarfin kalori 500, wanda uwa ke iya ba ɗanta a gida ba sai an kwantar da shi ba. Me ke cikinsa? Markaɗaɗɗiyar gujiya, garin madara, sukari, mai da sinadaran bitamin. Yau a Yamai ma ana sarrafa shi. Garin Misola da ake damawa yara, shi ma gero ne da waken soya da gujiya. A ƙasar da tamowa ke cika cibiyoyin CRENI da CRENAS duk damina, uwar da ta cire gujiya da ƙwai daga abincin ɗanta don tsoron ciwon da ba shi da shi, ta gudu daga inuwa ta faɗa rana. Dama can muna fama da camfin cewa ƙwai na sa yaro sata ko ya hana shi magana da wuri; bai kamata a ƙara masa wani sabon tsoro mai kama da ilimi ba.

Abin da ya fi kashe jariranmu ma yana zuwa tun kafin a kai ga maganar gujiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa, ba bauri, ba tsimi, sannan a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye tare da abinci. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna jariran Nijar da ke samun nono zalla ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Hujjar da aka fi kawowa ita ce zafi: yaya za a bar jariri ba ruwa a watan Afrilu a Tawa? Amsar ita ce mafi yawan nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta da bai bi ta randa ko jarka ba. Uwar ce za ta sha, ta ƙara yawan shayarwa. Dakashin farko da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafin farko na yaro. Zuma kuma, duk albarkar da ke cikinta, ba a ba jaririn da bai cika shekara ba, domin takan ɗauki ƙwayar cutar da ke shanye jijiyoyin jariri har numfashi ya gagara. Madarar gwangwani da wasu ƴan birni ke ɗauka alamar wayewa, daga madarar shanu ake yin ta, kuma ita ce sau da yawa ke fara bayyana borin jinin madara: amai, gudawa mai jini-jini, ƙuraje, yaro ba ya ƙaruwa. In haka ta faru, komawa nonon akuya ba mafita ba ce, don sinadarinsu kusan ɗaya ne. Likita ake nema.

Idan wata shida ya cika, hanyar ba ta da wuya. A fara da kaɗan, da safe, ranar da yaro ke cikin koshin lafiya, sabon abu ɗaya a lokaci guda, don in wani abu ya fito a san mai laifi. Gujiya a markaɗe ta sosai a dama cikin kunu. Ƙwayarta ko gutsuren ƙuli-ƙuli na iya shaƙe ƙaramin yaro, don haka ba a ba wanda bai kai shekara biyar ba. A tsince wadda ta yi funfuna ko ta canza launi, tana ɗauke da guba mai lalata hanta. Ƙwai a dafa shi ya nuna sarai. In yaro ya ci lafiya, a ci gaba da ba shi a kai a kai, kada a gwada sau ɗaya a bari. Jaririn da ke da ƙurajen fata masu tsanani, irin waɗanda likitoci ke kira ekzema, ko wanda ƙwai ya taɓa tayar masa, shi ne ya kamata a kai wa ma'aikacin lafiya kafin a fara masa gujiya.

Sai kuma yaron da ciwon ya tabbata a kansa. Ga wannan, babu maganar ɗan kaɗan ba ya komai. A Ingila kusan yaro ɗaya cikin hamsin na da borin jinin gujiya, kuma ƴaƴan ƴan ci-rani da aka haifa a can ba su tsira don iyayensu sun tashi da miyar tunkuza ba. A Tarayyar Turai doka ta tilasta a bayyana abubuwa 14 masu tayar da borin jini a kan kayan abinci; Ingila ta ƙara tsaurara tata dokar a 2021, bayan wata yarinya ƴar shekara 15 ta rasu a 2016 sakamakon cin burodi mai riɗin da ba a rubuta a takardarsa ba. Yaron da ya saba da irin wannan kariya, in ya sauka Yamai, ya shigo inda mai tsire, mai kilishi da mai ƙosai ba sa liƙa takarda. Kilishi da tunkuza ake shafe shi. Man gujiyar da mata ke matsewa a gida yana ɗauke da sinadarin da ke tayar da ciwon. Cokalin da aka juya miya da shi ma ya isa. Kariyarsa ita ce mutanen gida su yarda da maganar uwarsa, ko ba su taɓa ganin irin abin ba.

Iyayen da ke zuwa da irin waɗannan yara su ma da nasu aikin. Su zauna da Inna da Baba da masu girki tun ranar farko, su yi bayani da Hausa, cikin ladabi, ba da faɗa ba, su nuna hoton yadda yaron ya taɓa kumbura in suna da shi. Su zo da allurar adirenalin irin ta alƙalami, guda biyu, su koya wa wani babba a gidan yadda ake soka ta a gefen cinya. Kada a bar ta cikin mota a rana, kada kuma a sa ta firji. Zafinmu na wuce digiri 40, maganin kuwa ba ya son haka.

Alamun da ba a jira da su ko kaɗan su ne: numfashi da ƙyar ko da ƙara, murya ta dishe, harshe ko maƙogwaro ya kumbura, yaro ya yi laushi ko ya suma. Wannan shi ne matakin da ke kisa, kuma maganinsa na farko ɗaya ne, allurar adirenalin a tsokar cinya. Ba manja ba, ba madara ba, ba siron ƙaiƙayi da ake saye wurin masu tallar magani a bakin tasha ba. Wasu daga cikin waɗannan siro barci kawai suke sa yaro, a ɗauka ya samu sauƙi alhali maƙogwaronsa na rufewa. A kwantar da shi, in numfashi ya yi masa wuya a zaunar da shi, in yana amai a juya shi gefe, kada a tsayar da shi ya taka, a garzaya asibiti mafi kusa. Ko ya farfaɗo a zauna ƙarƙashin kulawa, don abin kan dawo bayan wasu awoyi.

A nan ne maganar ta bar hannun iyaye ta koma ga hukuma. Adirenalin tsohon magani ne mai araha, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Tun 2006 Nijar ta ɗauki alkawarin kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, kuma kowa ya san yadda jinkirin biyan cibiyoyin lafiya kuɗinsu ya sha barin kantocin magani wayam. Uban da aka miƙa wa takarda ya je farmasi neman allura yayin da ɗansa ke shaƙewa, kyautar ba ta amfane shi da komai ba. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta tabbatar kowace CSI, ta birni da ta karkara, tana da adirenalin da wa'adinsa bai ƙare ba, a inda mai gadin dare zai iya kai hannu, da takardar awo gwargwadon nauyin yaro manne a bango. A sa borin jini cikin abin da ake faɗa wa mata ranar awo da rigakafi, a kuma riƙa rubuta shi cikin karnen lafiyar yaro, yadda duk ma'aikacin da ya buɗe zai gani kafin ya miƙa masa Plumpy'Nut. Masu sarrafa garin yara da kayan ƙwalama da ke cika shagunan Yamai da Maraɗi cikin leda mai kyau, a wajabta musu rubuta abin da ke ciki, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, tun kafin a ba su izinin sayarwa.