Karatun Likita a Ƙasashen Waje: A Duba Kafin a Ɗaure Kaya

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu domin in faɗi albarkacin bakina a kan wani buri da ya cika zukatan 'yan ajin kimiyya. In ka tambaye mu abin da muke so mu zama, mafi yawanmu likita za mu ce. In ka ƙara da cewa a ina za a yi karatun, sai ka ji ana kiran Masar da Indiya da Turkiyya da Ingila, kai ka ce babu jami'a a ƙasar nan. Ni ra'ayina shi ne, fita waje neman ilmin likita abu ne mai kyau, amma ba ya amfanar kowa sai wanda ya san cutar da ke damun mutanensa tun kafin ya tafi, ya kuma tafi da niyyar dawowa.

Da farko dai, kada wani ya zaci ina ƙyamar tafiya. Ɗan Fagge bai isa ya zagi tafiya ba, domin unguwar tamu zango ce tun asali, nan fatake masu raƙuma daga Agadas da Tarabulus suke sauke kaya a wajen ganuwa. Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ne ya haife ta, bayan dogo ya iso Kano a 1911. Ko likitocin farko na Arewa ma sai da suka ƙetare teku. Dakta Barau Dikko, wanda shi ne likita na farko daga Arewacin Nijeriya, a Jami'ar Birmingham ta Ingila ya yi karatu. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, shi ma ya je Ingila, ya dawo ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1966 zuwa 1975. Abin lura a nan, dawowarsu ce ta sa ake tunawa da su. Yau akwai babban asibiti a Kaduna mai ɗauke da sunan Barau Dikko. Da ya yi zamansa a can, wa zai san da shi a nan?

A zamaninmu kuma hanya ta ƙara buɗewa. Tsakanin 2011 da 2015, lokacin mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, Gwamnatin Jihar Kano ta tura ɗalibai masu yawa ƙasashen waje, cikinsu har da 'yan mata masu karatun likita a Masar da Sudan. Bayan waɗannan, akwai waɗanda iyayensu suka ɗauki nauyinsu da kansu. A cikin irin waɗannan akwai wata yayarmu a unguwa da ta yi shekara huɗu a Khartum, kuma daga bakinta na ji mafi yawan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Alherin da ta samo ba kaɗan ba ne. Ta ce malamansu ba su yarda ɗalibi ya ruga wajen na'ura ba sai ya fara sauraron mara lafiya, ya duba idonsa da harshensa da tafin hannunsa, ya taɓa cikinsa, ya faɗi abin da yake zato. Ta ga mata likitoci birjik, suna tiyata, suna shugabancin sassa na asibiti, babu wanda ya ɗauki abin baƙon abu. Ta zauna ɗaki ɗaya da 'yan Somaliya da 'yan Cadi, ta koyi Larabcin kasuwa wanda ba a koyarwa a Islamiyya, ta koyi riƙon kuɗi da girki da haƙuri da abincin da ba a saba ba. Har ta haɗu da Hausawan can, jikokin waɗanda suka bi hanyar Makka da ƙafa suka yada zango ba su ƙarasa ba, ko suka dawo suka tsaya. Lalle gani ya kori ji, kuma wanda ya ce tafiya mabuɗin ilmi bai yi ƙarya ba.

To, amma ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin azumin Ramadan, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojan ƙasar da dakarun RSF. Ta ce sun yi kwanaki a kulle cikin ɗaki, babu wuta, ruwa sai ɗan abin da aka tara a jarka, ga ƙarar bindiga dare da rana. Daga baya aka zuba ɗaliban Nijeriya cikin motocin safa, wasu aka nufi iyakar Masar da su inda suka yi kwana da kwanaki a sahara suna jiran izinin shiga, wasu kuma aka bi da su Port Sudan. Sai farkon watan Mayu jiragen farko suka sauka a Abuja. Ta dawo da ranta, alhamdu lillahi, amma jaka ɗaya tak ta fito da ita. Takardun da za su shaida abin da ta karanta cikin shekara huɗu suna can a ofishin da babu kowa a ciki. Wannan ya jawo mata doguwar wahala kafin ta sami inda za ta ci gaba.

Ba Sudan kaɗai ba. A ranar 24 ga Fabrairu 2022 Rasha ta auka wa Yukren, inda dubban 'yan Nijeriya suke karatu, da yawansu na likita. Waɗanda ke garin Sumy sun yi kusan mako biyu a tsare kafin a fitar da su. A cikin wannan shekarar Majalisar Likitoci ta Nijeriya, watau MDCN, ta ba da sanarwa cewa ba ta yarda da karatun likita da aka ƙarasa ta intanet ba. Wasu sun ga kamar an tsananta, amma ni ina ganin akwai hujja, domin babu mai koyon karɓar haihuwa ta waya. Har ila yau, ya kamata kowa ya sani cewa duk wanda ya gama karatun likita a waje, ko daga ina ya fito, ba zai taɓa mara lafiya a Nijeriya ba sai ya ci jarrabawar wannan majalisa, sa'an nan ya yi shekara ɗaya yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci. An sha ganin waɗanda suka dawo da digiri a hannu suka faɗi wannan jarrabawa.

Sai maganar kuɗi, wadda iyayenmu sun fi mu saninta. Kuɗin makaranta a waje da dala ake biya, kuma duk ɗan Fagge ya san hanyar Wapa. A farkon 2023 farashin dala na Gwamnati bai kai naira 500 ba, amma zuwa Fabrairun 2024 ya haura naira 1,500. Uban da ya yi lissafin shekara shida da ribar shagonsa na Kantin Kwari, sai ya wayi gari kuɗin shekara ɗaya ya zama na uku. Daga nan sai sayar da fili, sai sayar da gona, sai a taɓa jarin da ake ci da ƙanne. Garin neman gira kada a rasa ido.

Duk waɗannan haɗurra ne na hanya. Abin da ya fi damuna shi ne ilmin kansa. Kowace ƙasa cututtukanta take koya wa likitocinta. Ɗalibin da ya yi shekara shida a ƙasar sanyi yana iya gamawa bai taɓa ganin yaron da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa ba, bai ga mai amosanin jini yana murƙususu ba, bai ga yadda amai da gudawa ke ƙarar da ruwan jikin mutum cikin yini ɗaya ba. Waɗannan duk a littafi ya gan su. Alhali kuwa nan kusa da mu, a kan titin Faransa, ga Asibitin Zana inda ake kwantar da masu cututtuka masu yaɗuwa. Ga asibitin Kuroda, ga asibitin ido na ECWA wanda mutane ke zuwa daga nesa tun shekarun 1940. A 2023, lokacin da cutar mashaƙo ta bazu a Nijeriya, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Mutum nawa ne a cikinmu masu son zuwa Landan suka taɓa tambayar me ke kawo mashaƙo, ko me ya sa allurar rigakafi ba ta kai ga yaran da suka mutu ba?

Daɗin daɗawa ga maganar harshe. A ƙasashe da dama ana koyar da baƙi da Turanci a aji, amma in an shiga asibiti mara lafiya da harshensa zai yi magana, sai ɗalibi ya koma ɗan kallo. A gida kuwa, in tsohuwa ta ce tana da basir, ko sanyi, ko jikanta yana da shawara, sai wanda ya san mutanensa zai gane cewa kalma ɗaya tana iya ɗauke da cuta biyar, ya san tambayar da zai yi ya rarrabe. In ka zauna a asibiti a Sabon Gari, kafin azahar za ka ji Hausa da Ibo da Yarabanci da Turancin broka. Wannan ma makaranta ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga wani misali da ya isa ya sa mu tunani. Dakta Kees Waaldijk mutumin ƙasar Holan ne. A shekarun 1980 ya fara ɗinkin matan da ke fama da yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga ta Katsina, ya kuma yi aiki a sashen masu wannan lalura na Asibitin Murtala a nan Kano. Ya yi wa dubban mata aiki, ya horar da likitoci da yawa, har ya zama cikin waɗanda duniya ke ji da su a wannan fanni. Shi daga Turai ya zo ƙasar Hausa ya ƙware, domin a nan cutar take.

Na san wani zai ce, ai ba don son yawo ake fita ba. Gaskiya ne. Gurbin karatun likita a Jami'ar Bayero da ta Zariya bai kai yawan masu nema ba, kuma akwai masu sakamako mai kyau da ba su samu. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Akwai kuma na'urori da hanyoyin bincike da sai a waje za a gan su. Ina ma ƙara wa mai wannan magana hujja. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani a Asibitin Zana, a wani gwaji da ya shafi yara wajen 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a, sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan ya nuna muna bukatar 'ya'yanmu waɗanda suka san yadda ake gwajin magani a duniya, suka san haƙƙin mara lafiya, waɗanda za su iya tsayawa su yi tambaya a madadin uwar da ba ta iya karatu ba. Irin wannan tambaya ce ya kamata mutum ya ɗauka a jakarsa in zai fita.

Akwai kuma gajeruwar ziyara ta mako biyu ko uku da ake tallata wa 'yan sakandare lokacin hutu, a kai su su ga asibitoci da ɗakunan bincike a waje. Wanda iyayensa ke da hali, ko ya sami tallafi, ya je, zai ƙaru. Amma a sani kallo ne za a yi, ba za a bar shi ya taɓa kowa ba, kuma takardar da zai dawo da ita ba ta maye gurbin sakamakon WAEC ko JAMB. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bai kamata a ci bashi saboda ita ba.

Saboda haka ga shawarata. Iyayenmu, don Allah kafin ku ba dillalin makaranta ko kwabo, ku bincika wurin MDCN ko ta san da jami'ar, ku nemi wanda ya gama a can ya dawo ya ci jarrabawar gida, ku ji daga bakinsa. Ku yi lissafin shekara shida da dala, ku bar rarar abin da ka iya tasowa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya riga ya tafi, ya riƙa karɓar sakamakonsa na kowace shekara yana aiko da kwafi gida, in ya zo hutu kuma ya nemi izinin bin likitoci a asibitocinmu. Mu kuma da ke aji, mu riƙe ilmin halittu da kimiyyar sinadarai da kyau, kuma ina roƙon Shugaban makaranta da malaman kimiyya su nema mana izinin ziyartar asibitocin da ke kewaye da mu, su gayyato tsofaffin ɗalibai da suka zama likitoci su yi mana bayani.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, in Allah ya nufe ku da tafiya, ku tuna likitocinmu da yawa suna ficewa zuwa Ingila da Saudiyya, layin marasa lafiya kuwa kullum ƙara tsawo yake yi. Kuɗin da za a kashe muku, ko na Gwamnati ne ko na gida, gumin mutanen da ke cikin wannan layi ne. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.