A Auna Ɗalibi Kafin A Jefa Shi Cikin Kalkulas

Na san wasu za su ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da maganar lissafi, har da zai cika mana shafin mujalla da ita. To, ɗakin kwana ne ya haɗa mu. Shekara uku ke nan ina ɗaki ɗaya da wani ɗan'uwa, ba zan kama sunansa ba, wanda ya shigo jami'a da burin zama injiniya. Yana da kiredit a lissafi, makinsa na shiga kuwa ya kai. A zango na biyu na shekarar farko ya gamu da kalkulas ya faɗi, shekara ta zagayo ya sake faɗi, aka ce masa ya nemi wani sashe. Yau ga shi a sashenmu yana nazarin ginin jimla, jikinsa na nan, zuciyarsa tana can.

Wata rana na ɗauki tsohon littafinsa na aiki ina dubawa, sai na ga abin da ya ba ni mamaki, ni da na rabu da lissafi tun sakandare. Shi dai kalkulas, watau lissafin sauyi, ilmi ne na auna yadda abu ke canjawa a kowane ɗan lokaci, kamar gudun mota ko cikar tanki, kuma Newton da Leibniz ne suka daidaita shi a ƙarni na 17. Darasinsa na farko yakan buƙaci ɗalibi ya warware (x + h)². Ɗan'uwan nan ya rubuta x² + h², ya ci gaba abinsa. Ku gwada da 3 da 4: in an haɗa su an ninka a kansu 49 ne, alhali 9 da 16 ba su wuce 25 ba. Akwai 2xh da ya jefar a hanya, kuma daga wannan ɗan abin ne amsar duka take fitowa. Ashe ba kalkulas ne ya kayar da shi ba, aljabarar ƙaramin aji ce, wadda babu wanda ya taɓa tsayawa ya duba ko ya iya ta.

Wannan shi ne laifin da nake ɗora wa tsarinmu. A kwashe ɗaruruwan sababbin ɗalibai, wanda ya yi ƙarin lissafi a sakandare da wanda makarantarsu ba ta taɓa samun malamin wannan darasi ba, a zuba su zaure ɗaya, malami ɗaya, allo ɗaya, sa'an nan a ƙarshen zango a liƙa sakamako a ce wasu ba su da ƙwaƙwalwa. Ina adalcin?

A jami'o'i da yawa na Amurka ba haka ake yi ba. Kafin sabon ɗalibi ya yi rajistar darasin lissafi sai ya zauna wata jarrabawa ta tantancewa, galibi a kwamfuta. Ba kalkulas ake tambayarsa ba, tushensa ake tonawa: aljabara, da logaridim, da lissafin kusurwoyi, da karatun zane. Wata daga cikinsu mai suna ALEKS har tana sauya tambaya gwargwadon amsar da ɗalibi ya bayar, ta nuna masa inda yake da rauni, ya je ya yi bita ya sake zama. Wanda ya nuna ƙafarsa ta kafu ya shiga kalkulas kai tsaye, wanda bai kai ba a ajiye shi ajin share fage. Ba a kore shi daga sashensa, ba a kuma canja masa buri.

Masu musu za su ce ai muna da JAMB tun 1978, an kuma ƙara jarrabawar tantancewa ta jami'o'i a 2005, wace kuma ake nema? Amsa ita ce waɗannan rariya ce ta zaɓen wanda zai shiga. Makin da ɗalibi ya samu cikin 400 jimlar darussa huɗu ce, mai rauni a lissafi yana iya rufe ramin da Ingilishi ko kimiyyar sinadarai, ya wuce ba wanda ya sani. Wasu kuma za su ce ko a Amurkan an yi kuka da tsarin. Gaskiya ne, ban ɓoye ba. A 2017 jihar Kalifoniya ta yi doka ta tilasta wa ƙananan kwalejojinta su dubi sakamakon sakandare wajen ajiye ɗalibi, domin an ga ana tsare mutane zango bayan zango a azuzuwan share fage har su gaji su bar karatu. To, sai mu ɗauki darasi, ajin ya zama na zango ɗaya tak. Zango ɗaya da shekara biyun da ɗan'uwana ya ɓata, wanne ya fi tsada?

Yanzu kuma sai na juyo kanmu ɗalibai, don na san halinmu. Ranar da aka ce za a yi irin wannan jarrabawa, kafin la'asar za a fara sayar da tsofaffin tambayoyi a bakin ƙofa, a kwana ana hadda. Wanda ya yi haka kansa ya cuta, domin kamar maras lafiya ne ya yi wa likita ƙarya don a sallame shi da wuri. Shirin gaskiya ba ya da wani asiri. Mutum ya ɗauko littattafansa na sakandare, ya rufe amsoshi, ya ajiye kalkuleta, ya yi aikin da hannunsa kullum na 'yan makonni, inda ya kakare ya koma baya ya gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa duk da haka an ajiye shi ajin ƙasa, ya shiga ba kunya.

Akwai kuma abin da ya fi ci mini rai, shi ne matsayin da wannan sakaci ya ba sashenmu. An mai da Hausa matattarar waɗanda lissafi ya kayar, kamar dai nazarin harshe ba ya buƙatar kai. Mu ma da namu laifin, don sau nawa na ji ɗayanmu yana alfahari wai shi lissafi ya guda ya zo nan? Wa ya gaya masa gadonsa ke nan? Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa. Balle ma mai yanka baiti yana ƙirga gaɓoɓi dogo da gajere, ban san abin da yake yi ba in ba lissafi ba.

Saboda haka ina kira ga malamanmu da ke zama a majalisar jami'a su kai wannan magana. A yi jarrabawar a makon farko na sababbin ɗalibai, kyauta, kada makinta ya shiga sakamakon digiri. A ba kowa takardarsa ya ga inda ya kasa, a buɗe ajin share fage na zango ɗaya. Ƙungiyarmu kuma tana iya ba da nata, ta zauna da ɗaliban lissafi a fitar da ɗan littafin bita da bayani cikin Hausa. Ɗan'uwana ya ce shi zai fara rubuta babin aljabara, ni kuma in gyara masa ƙa'idar rubutu.