Aborijin na Ostareliya: bincike ya cika ɗaki, gwamnati ta toshe kunne

Manoman karkarar Maraɗi da yawa sun san wata ƙaramar itaciya baƙuwa wadda furoje-furoje suka shigo da ita domin tare iska da samar da itacen girki, daga baya aka gano ana iya niƙa 'ya'yanta a gauraya da garin hatsi a yi tuwo. Sunanta na masana Acacia colei, asalinta Ostareliya. Masu ilimin boko ba su ne suka fara gano ana cinta ba. Daga wajen Aborijin suka ji, wato 'yan asalin waccan ƙasa, waɗanda matansu suka daɗe suna niƙa 'ya'yan irin waɗannan itatuwa a kan dutse tun kafin Turawan Ingila su sauka a 1788. Ilimin waɗannan bayin Allah ya ƙetare teku ya shigo tukunyarmu. Abin mamaki, a ƙasarsu ta gado har yau gardama ake yi a kan ko sun isa su tafiyar da tattalin ƙauyukansu da kansu.

A lissafin 2021 Aborijin da mutanen tsibiran Torres sun kai kusan mutum 984 000, wato kashi 3,8 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Mafi yawansu a birane da garuruwa suke. Waɗanda nake magana a kansu su ne kimanin kashi 15 cikin 100 da ke zaune nesa da kwalta, cikin hamadar tsakiya da dazuzzukan arewa, inda wani ƙauye bai wuce gida biyar ba, kuma damina kan yanke hanya wata da watanni. Can talauci ya fi tsanani, can ne kuma kowace sabuwar gwamnati ke zuwa gwada dabararta.

Kada mai karatu ya zaci rashin bincike ne ya kawo haka. Tun 1990 Jami'ar Ƙasa da ke Kanbera ta buɗe cibiya ta musamman, CAEPR, domin nazarin tattalin arzikin Aborijin da ba gwamnati shawara. Wanda ya kafa ta, Jon Altman, bai fara daga biro ba. A 1979 da 1980 ya zauna tare da mutanen Kuninjku a wata 'yar unguwa mai suna Mumeka, kusa da Maningrida a ƙasar Arnhem, yana auna kifi da naman daji da sauran abin da mutane ke shigowa da shi gida, yana yi masa kuɗi da farashin kanti. Abin da ya samu: kashi 64 cikin 100 na abin da suke rayuwa da shi daga farauta da su da tsintar abincin daji yake fitowa, kashi 26 daga tallafin gwamnati, kashi 10 daga sayar da zane-zane da aikin hannu. A littafin ƙidayar gwamnati kuwa waɗannan mutane marasa aikin yi ne, domin ma'aunin hukuma albashi kawai ya sani. Daga nan Altman ya fitar da ra'ayinsa na gaurayayyen tattalin arziki: a irin waɗannan wurare rayuwa a kan duwatsun murhu uku take, kasuwa da gwamnati da sana'ar gargajiya, kuma mutum ɗaya kan taka duka ukun cikin mako guda. Wanda ya cire dutse ɗaya da sunan gyara, tukunya zai kifar. (Ɗaya daga cikin mazaunan Mumeka na wancan lokaci, John Mawurndjul, mai zane a kan ɓawon itace, shi ne aka gayyata ya ƙawata wani sashe na gidan tarihin Quai Branly da aka buɗe a Paris a 2006. A wane layin ƙidaya za a saka shi?)

Akwai tsari guda da ya dace da wannan rayuwa, kuma labarinsa ne ya sa na ɗauki alƙalami. A 1968 doka ta tilasta wa masu manyan garken shanu su biya Aborijin albashi daidai da na Turawa. Da yawa daga cikin masu garken suka gwammace su sallame su. Mutane suka taru a ƙauyuka ba aiki, sai kuɗin tallafin marasa aiki, waɗanda dattawa da kansu suka raɗa wa suna kuɗin zaman banza. A 1977, bisa shawarar tsohon gwamnan babban banki H. C. Coombs, gwamnatin Malcolm Fraser ta gwada wata dabara a ƙauyen Bamyili, wanda yanzu ake kira Barunga. Maimakon a aika wa kowa tallafinsa, sai a haɗa kuɗin gaba ɗaya a danƙa wa ƙungiyar ƙauye, a ƙara mata na kayan aiki da na gudanarwa, ita kuma ta biya mutane lada bisa aikin da ƙauyen ya ga yana bukata. Sunan tsarin CDEP. Mutum kan yi kamar awa 15 a mako ya samu daidai da tallafinsa. In ya ƙara aiki ya ƙara samu, ba a zaftare masa ba. Sauran kwanakin nasa ne, ya tafi farauta, ko zane, ko jana'iza da bukukuwan gargajiya waɗanda a can kan ɗauki makonni. Da wannan kuɗi aka gyara hanyoyi, aka riƙe kantunan ƙauye da cibiyoyin sayar da zane, aka kafa rukunonin masu kula da daji. A farkon shekarun 2000 mutum wajen 35 000 ke cikinsa.

Ba zan ce tsarin ba shi da aibi ba. A wasu ƙauyuka ana rubuta suna a karɓi kuɗi ba a ɗaga ko tsintsiya ba. Hukumomin jihohi sun mai da shi saniyar tatsa: mataimakan malaman lakkol da na asibiti sun shekara da shekaru suna aikin gwamnati da ladan CDEP, ba cikakken albashi, ba kuɗin ritaya. Kuma masu suka ba Turawa kaɗai ba ne. Noel Pearson, lauya ɗan Aborijin daga Cape York, ya daɗe yana cewa dogaro da kuɗin gwamnati guba ne ga mutanensa. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai ciwon da aka gano na gyara ne, kuma masu bincike sun rubuta yadda za a gyara. Abin da aka yi daban ne.

Ranar 15 ga Yunin 2007 aka fito da rahoton Rex Wild da Pat Anderson a kan cin zarafin yara a Yankin Arewa. Shawarwari 97 ya ƙunsa, ta farkonsu tana jaddada cewa dole a zauna da mutanen ƙauyuka a yi shawara ta gaskiya kafin a ɗauki mataki. Kwana shida bayan haka firaminista John Howard da ministansa Mal Brough suka shelanta dokar gaggawa a kan ƙauyuka 73. Aka tura soja su raka ma'aikata, gwamnati ta karɓe filayen ƙauyukan haya ta tilas ta shekara biyar, aka riƙe rabin tallafin kowane mutum sai abin da hukuma ta yarda ya saya, mai shaye-shaye da wanda bai taɓa kurɓa ba duk ɗaya. Domin hakan ya yiwu sai da aka jingine dokar hana wariyar launin fata ta 1975. Zaɓe saura wata biyar. Rahoton bai nemi soja ba, bai nemi karɓe fili ba. An ɗaga shi ne kamar tuta, ba a bi abin da ke ciki ba.

A watan Yuli aka ce za a rushe CDEP a yankin. Dalilin ya cancanci a tsaya a kansa: kuɗin CDEP albashi ne a idon doka, gwamnati ba ta da ikon riƙe rabin albashin mutum, amma tana da iko a kan tallafi. Saboda haka aka mai da ma'aikaci mai karɓar sadaka domin a samu damar sa masa ido a aljihu! Gwamnatin Kevin Rudd da ta biyo baya ta maido da tsarin rabi da rabi, sannan ta bar shi yana mutuwa sannu a hankali, har aka maye gurbinsa a 2013. Ita ce kuma a 2008 ta yi alkawarin rage rabin tazarar samun aiki tsakanin Aborijin da sauran 'yan ƙasa cikin shekara goma. Shekara goma ta cika, alkawari bai cika ba. Ina zai cika, alhali da hannunta ta kwashe dubban mutane daga layin masu aiki ta zuba su a layin marasa aiki?

Wanda ya zo a 2015, CDP, harafi ɗaya kawai ya bambanta su a suna, amma a aiki gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Aka wajabta wa mutum awa 25 a mako, kwana biyar, kusan duk shekara, fiye da abin da ake nema wajen marar aikin Sidni ko Melbon. Ranar da bai zo ba a yanke masa kashi ɗaya cikin goma na kuɗin mako biyu. In abin ya maimaitu a iya tsayar masa da kuɗi har mako takwas. Mai neman bayani sai ya kira waya ya yi Turanci, a wurin da Turanci harshe na uku ne ko na huɗu. Lisa Fowkes ta cibiyar CAEPR ta bi alƙaluman gwamnati da kanta ta nuna cewa a shekarar farko tarar da aka ci mutanen CDP, su wajen 35 000, ta fi wadda aka ci masu neman aiki sama da 700 000 na sauran ƙasar. Sai da mutanen Ngaanyatjarra suka kai ƙara kotu bisa zargin wariya, aka sasanta a 2021 da dala miliyon 2 (dalar Ostareliya, ba dalar kasuwar Damagaram ba), a shekarar ne kuma aka janye tilascin.

A tsakanin nan har an yi maganar tashin ƙauyukan baki ɗaya. A 2014 shugaban gwamnatin jihar Yamma, Colin Barnett, ya ce mai yiwuwa a rufe har 150 daga cikin 274. Firaminista Tony Abbott ya mara masa baya a 2015, wai zama a can zaɓin salon rayuwa ne wanda mai biyan haraji ba zai ɗauki nauyinsa ba. Mutanen da suka yi shekaru suna shari'a kafin dokar filaye ta 1976 da hukuncin Mabo na 1992 su maido masu da ƙasar kakanninsu, su ake gaya wa haka. Zanga-zanga ta hana abin tafiya yadda aka so.

To ga abin da zaman nasu a can ya haifar. Tun fil azal mutanen ƙasar Arnhem kan sa wa daji wuta kaɗan-kaɗan a farkon rani, ciyawa na da sauran danshi, domin kada gobarar ƙarshen rani ta samu abin ci. Da aka kwashe su zuwa mishan da manyan ƙauyuka, dajin ya zama kango, gobara ta riƙa cinye dubban murabba'in kilomita a tashi ɗaya. Dattawa irin su Bardayal Nadjamerrek suka koma tudun kakanninsu, masana kimiyya suka bi su da na'urar auna hayaƙi da hoton tauraron ɗan Adam, aka tabbatar wutar farkon rani ta fi ƙarancin iskar da ke ɗumama duniya. A 2006 kamfanin ConocoPhillips, mai masana'antar gas a Darwin a lokacin, ya sa hannu zai riƙa biyan kimanin dala miliyon 1 a shekara har shekara 17 domin a rage tan 100 000 na wannan iska kowace shekara a fili mai murabba'in kilomita 28 000. Aikin ya wuce abin da aka yi alkawari, kuma dabarar ta bazu a arewacin ƙasar. A nan an yi binciken da ya fara da tambayar mai ɗaki inda ɗakinsa ke yoyo. Masu kula da dajin da suka fara aikin kuwa, irin rukunin Djelk na Maningrida, da yawansu da ladan CDEP aka raine su, tsarin nan da aka ce zaman banza ne.

Mu da muka saba ganin kat-kat ta shigo ƙauye da masu tambayoyi, a cika takardu a koma Yamai, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Amma Ostareliya ba ta da uzurin da muke fakewa da shi. Ba ta rasa kuɗi ba, ba ta jiran mai ba da lamuni ya gindaya mata sharaɗi. Abin da ta ƙi saki shi ne iko. A Oktoban 2023 kashi 60 cikin 100 na masu zaɓe suka ƙi amincewa a kafa wa Aborijin majalisar ba da shawara kawai cikin tsarin mulki, ko da yake a akwatunan ƙauyukan nesa na arewa "i" ce ta yi rinjaye. A Fabrairun 2024 hukumar gwamnati mai auna ingancin ayyuka ta duba yarjejeniyar cike giɓi ta 2020, ta ce ma'aikatu ba su canza salonsu ba kuma ba su raba iko da ƙungiyoyin Aborijin yadda suka sa hannu ba. A rahotonta na 2025 huɗu kacal daga cikin manufofi 19 ke kan hanya.

A watan Fabrairun 2024 ɗin nan gwamnatin Anthony Albanese ta amsa cewa CDP ya gaza, ta ware dala miliyon 707 domin sabon shiri: ƙungiyoyin ƙauye su faɗi aikin da suke bukata, gwamnati ta biya cikakken albashi da hutu da kuɗin ritaya. Wanda ya san Bamyili ta 1977 zai gane fuskar, har an gyara aibin nan na rashin kuɗin ritaya. Guraben da aka yi alkawari a 2024 guda 3 000 ne cikin shekara uku, a yankunan da CDP ke riƙe da sunayen mutum fiye da 30 000 a wancan lokaci.