Gwaji Kafin Aiki, Ba Bayan Ɓarna Ba

A cibiyar bincike ta CERN, kusa da birnin Janeba, akwai wata ƙatuwar na'ura mai suna ATLAS wadda ta taimaka wajen gano ƙwayar Higgs a 1 ga cikin manyan binciken zamani, a shekarar 2012. Wani sashenta aikinsa auna ƙarfin ƙwayoyin da ke tarwatsewa bayan karo. Idan ƙwaya ta ratsa fallen roba da ke tsakanin ƙarafa sai ta bar ɗan ƙyallin haske, sannan wasu kwalabe kusan 10,000 su mayar da shi lantarki, su ninka shi sau 100,000.

Ba a ɗaura kwalba ko ɗaya ba sai da aka gwada ta. Aka haska ta da hasken da aka san ƙarfinsa, aka kuma sa ta cikin duhu don a ga ko za ta yi ƙaryar ganin haske, domin mudu in ya karkace, awo duka ya ɓaci.

Wannan darasi ya shafi manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda ke dogara da madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978. Famfo ko ma'aunin ruwan da ba a gwadawa, manomi ne ke biyan kuɗin kuskurensa.

Saboda haka ya kamata hukuma ta wadata Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da kayan gwaji, ta kuma daraja ma'aikacin da ke riƙe da littafin awo. Ɗalibai kuwa kada su raina wannan aiki.